Tsohon Siminti da Dodon Deido

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, ina naɗe tabarmin yaran katikisma, sai wani ɗan'uwa cikin masu bi ya tsaya a bakin ƙofa yana jirana. Tela ne, dattijo, ya fi shekara talatin yana ɗinki a nan unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, wadda mu mazauna muke taƙaitawa mu ce Birik. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya ce lafiya, amma fuskarsa ba ta ce haka ba. Da muka zauna ya ce, "Malam, maganar ɗanka ce. Ya gama digiri na farko a jami'a, mun yi murna, mun ce wahala ta ƙare. Yanzu ya ce saura shekara biyu, zai yi digiri na biyu, wai a kan sassaƙa. Na sayar da keken ɗinki guda saboda karatun yaron nan, ashe gumaka zai zo ya jera mini a tsakar gida. Me zan gaya wa maƙwabta?"

Mai karatu wanda bai san Birik ba, bari in bayyana masa nauyin wannan tambaya. Unguwa ce ta Hausawa da Fulani da sauran mutanen arewa, ta samo sunanta daga wurin yin tubali na zamanin Jamusawa, yawancin mazaunanta kuma Musulmi ne. Mu masu bi da muke jin Hausa 'yan kaɗan ne a cikinsu. Muna zaman lafiya, muna cin tsire a tukuba ɗaya, muna zuwa sunan juna da ta'aziyyar juna. Amma akwai magana guda wadda kowane ɗanmu ya taɓa ji a bakin famfo ko a filin ƙwallo, wai Kirista masu bautar gumaka ne. Shekara da shekaru muna amsawa cewa ba haka abin yake ba. To, ga shi ɗan dattijon ikilisiya zai ɗauki gizago.

Ban ba shi amsa ran nan ba. Ni karatuna bai wuce firamaren mishan ba, sai 'yar horaswa ta aikin katikis, ba ni da bakin yanke hukunci a kan abin da ake koyarwa a jami'a. Amma ina da ido, gani kuwa ya kori ji. Na aika aka kira mini yaron, na ce ya kai ni in ga aikin da masu wannan sana'a suke yi, wanda ya fi kowanne suna a garin nan. Ya ce, "Baba, ai ka sha wuce shi a taksi."

Gaskiyarsa. Hasumiyar Haɗewar Kamaru yake nufi, wadda take kusa da Ngoa-Ekelle, ba nisa da jami'ar. An gina ta tsakanin 1973 da 1976, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, domin tunawa da haɗewar yankin da Faransa ta mulka da wanda Ingila ta mulka a 1961. Abu biyu ne a wurin. Akwai doguwar hasumiya mai murɗewa, kamar macizai biyu suna nannaɗe juna har kawunansu su haɗu a can sama. Maginin Faransa Armand Salomon ya yi aikinta, Fada Engelbert Mveng kuma yana cikin waɗanda suka tsara al'amarin. A gabanta akwai mutum-mutumin da Gédéon Mpando ya yi: wani ƙaton tsoho mai gemu, ya ɗaga sandar wuta sama, yara biyar suna maƙale da jikinsa.

Na tsaya a gabansa kamar mai jiran a ɗauki hoto. Yaron ya ja hannun rigata ya ce, "Baba, ba a kallon sassaƙa daga wuri ɗaya. Hoto fuska ɗaya gare shi, wannan kuwa sai an kewaya." Muka kewaya a hankali. Ya nuna mini inda nauyin jikin ya sauka, da yadda yaran da ke maƙale suka ƙara wa gindin faɗi har abin ya zauna daram. Ya ce hannun da aka ɗaga sama shi ne wuri mafi wuya, domin siminti yana jure danniya amma ba ya jure lanƙwasa, in babu ƙarfe a ciki sai ya tsage. Ni da na yi ta wuce wurin ina ce masa "tsohon nan", ran nan na fara ganin lissafin da ke cikinsa. Wannan na rubuta shi a gefen makaranta: ta koya wa ɗan tela ya ga abin da katikis bai gani ba.

Abin da na fi yabawa ga Mpando shi ne fuskar da ya zaɓa. A lokacin da hoton shugaba yake rataye a kowane ofis da kowane aji, shi tsohonsa ba kowa ba ne. Ba shi da suna, ba shi da lambar girma a ƙirji. Bafulatani zai iya cewa kakansa ne, mutumin Bamenda ma haka. Jikinsa kuma ba irin na mutum-mutumin Turawa ba ne mai santsi kamar an shafa masa mai; kauri gare shi da nauyi, kamar kututturen kuka.

Duk da haka da na daɗe ina kallo sai wani abu ya soma damuna. Komi na aikin nan yana hawa ne zuwa hannu guda. Wuta tana hannun tsoho, yara biyar kuwa aikinsu riƙo kawai. Babu uwa a wurin, alhali a gidajenmu ita ce ke goyo. Karin maganar nan ce tamu aka zuba da siminti, wadda ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Karin magana ce mai kyau a tsakar gida, amma in gwamnati ce take faɗinta ga talakawanta, sai mutum ya ɗan yi shiru. Aikin yana faɗin abin da masu biyan kuɗinsa suke so a ji, ya kuwa faɗe shi da gwaninta. Tun daga 2016 rikici ya ɓarke a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma masu jin Ingilishi, an kashe dubbai, waɗansu daga cikin waɗanda suka gudo suna nan Yawunde muna haɗuwa da su a kasuwar Mokolo. Wanda ya san haka, in ya dubi yaran nan biyar, dole ya tambayi kansa ko riƙon ƙauna suke yi ko na tsoron faɗuwa. Ban ce Mpando ya yi ƙarya ba. Fata ya sassaƙa, fata kuwa ba ta tsufa da kyau in ba a cika ta ba.

Akwai wani aikin da ba zan iya raba shi da wannan a zuciyata ba, na gan shi sau da dama in hidimar ikilisiya ta kai ni Duwala. A tsakiyar shataletalen Deido yake tsaye, tsawonsa mita 12, sunansa La Nouvelle Liberté, wato sabon 'yanci. Joseph-Francis Sumégné ya yi shi, aka kafa shi a 1996 da taimakon ƙungiyar doual'art. Shi Sumégné bai yi makarantar sassaƙa ba, da kansa ya koya. Kayan aikinsa kuwa abin da gari ya zubar ne: tsofaffin tayoyi, ɓaraguzan mota, bututu, waya, tarkacen ƙarfe iri iri. Da su ya haɗa wani dogon mutum wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya, da duniya a bisa kansa. Da aka kafa shi gari ya ɗauki zafi. Waɗansu suka sa masa suna Njunju, wato dodo. Waɗansu ma ba aikin suka zaga ba, asalin mai aikin suka bi, suna cewa me ya kawo mutumin yamma ya dasa abu a unguwar Duwalawa. Sai a 2007 aka kammala shi aka yi bikinsa. Yau in an buga hoton Duwala, sau da yawa dodon nan ne a kai.

In aka ce in zaɓa, dodon Deido ya fi tsohon siminti gaskiya, ko da yake bai kai shi kwarjini ba. Tsohon yana gaya mana yadda ya kamata mu zama. Dodon yana nuna mana yadda muke: mutane masu tsayuwa da ƙafa ɗaya, masu rayuwa da gyaran abin da wani ya yar, ga kuma kaya a ka. Kowane bakanike a Birik, kowane mai zubin tukunya da tsofaffin gwangwanaye, in ya gan shi zai gane ɗan'uwansa. Aibinsa shi ne daga kusa ido yana gajiya, tarkacen ya yi yawa har ba ka san inda za ka huta ba. Sai ka ja da baya, ko kana cikin mota kana kewaya shataletalen, sa'an nan ya haɗu ya zama mutum. Wataƙila kuwa haka mai shi ya nufa.

Na gaya wa yaron wannan, na ce, "To, ga wanda bai yi digiri ko ɗaya ba ya yi abin da ya fi motsa ni. Kai me za ka nema a na biyu?" Zan komo kan amsarsa. Sai na fara kawar da maganar gunki, domin ita ce ta hana mahaifinsa barci, ita ce kuma ta shafi aikina.

Duk yaron da ya yi katikisma ya san dokar da ke Fitowa sura 20, wadda ta hana yin siffa domin a yi mata sujada. Amma kaɗan ne cikinmu suke ci gaba da karatu zuwa sura 25, inda aka umarci Musa ya sa a ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan akwatin alkawari, ko sura 31, inda Ubangiji ya kira Bezalel na kabilar Yahuza da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da tagulla, da yankan duwatsu, da sassaƙar itace. A sura 35 ma an ce an ba shi baiwar koya wa waɗansu, shi da Oholiyab. Ashe makarantar masassaƙa ta girmi jami'ar Yawunde nesa ba kusa ba. Sai dai a lura, tsakanin surorin nan akwai sura 32, inda Haruna ya zuba ɗan maraƙin zinariya. Wuta ɗaya, zinariya ɗaya, gwaninta ɗaya. Macijin tagulla kuma da Musa ya yi bisa umarni, a Littafin Ƙidaya sura 21, shi ne dai Sarki Hezekiya ya farfasa daga baya, sa'ad da jama'a suka shiga ƙona masa turare. Saboda haka tsoron dattijon nan ba wauta ba ne, Littafi Mai Tsarki ma yana da irinsa. Amma inda Littafin ya sa ido shi ne gwiwar mai kallo. Na tsaya fiye da awa guda a gaban tsohon siminti, ban ga wanda ya durƙusa masa ba, sai 'yan makaranta masu ɗaukar hoto.

Ikilisiya a Afirka ta taɓa gwada wannan hanya, ba yau aka fara ba. A 1947 limaman mishan na SMA suka buɗe wurin aiki a Oye-Ekiti a ƙasar Yarabawa, inda Fada Kevin Carroll ya tara masassaƙan gargajiya su yi wa majami'u aiki da irin hannunsu na gado. Ba a rasa masu ƙorafi ba, har cikin masu bi, aka rufe wurin a 1954. Amma daga can Lamidi Fakeye ya fito, wanda ya koya a hannun George Bandele, ya sassaƙa ƙofofin majami'u da labaran Bishara, alhali shi Musulmi ne. A 1978 jami'ar Ife ta ɗauke shi ya koyar. Wannan labari na ajiye shi musamman domin maƙwabtanmu na bakin famfo. A nan gida kuwa muna da Fada Mveng, wanda aka haifa a 1930, masanin tarihi a jami'ar Yawunde, wanda ya kafa wurin aikin zane inda ya horar da matasa. Launukansa uku sanannu ne: ja domin rai, baƙi domin wahala, fari domin mutuwa, fuskokin mutanensa kuma daga fuskokin sassaƙa na ƙasarmu ya ɗauko su. Aikinsa ya kai har Nairobi da Shikago. An kashe shi a gidansa a watan Afrilu na 1995, ina yaro a arewa, ban taɓa ganinsa ba. Shi dai ya haɗa abin da muke tsammani ba ya haɗuwa: zurfin karatu, da hannu mai aiki, da rigar limanci.

Yanzu ga amsar yaron. Ya ce, "Baba, hannu zan iya samu a Fumban." Gaskiya ne, a Fumban har yau ana zubin tagulla ta hanyar kaki: a siffata abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sa'an nan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Ba a bukatar takardar jami'a domin wannan. Ya ce, "Amma wa zai faɗi abin da kakanninmu suka yi, da inda yake yanzu?" Sai ya shiga lissafa mini. Gadon sarautar Bamun mai ado da duwatsun wuya da wuri, wanda Sarki Njoya ya aika wa Sarkin Jamus a 1908, yana Balin. Ngonnso ta mutanen Nso, wadda wani hafsan Jamus ya ɗauke a 1902, sai a 2022 hukumar gidajen tarihin Balin ta amince a mayar da ita, bayan 'ya'yan Nso sun yi ta kuka. A 2023 kuma masu bincike, cikinsu har da Farfesa Albert Gouaffo na jami'ar Dschang, suka ƙidaya kayan Kamaru fiye da 40,000 a gidajen tarihin Jamus kaɗai. Ya ce masu wannan ƙidaya da takarda suka yi yaƙin, Bature ba ya buɗe ɗakin ajiyarsa ga mai gizago.

Na karɓi wannan hujja, amma da rabin hannu. Abin da ya faɗa aikin masanin tarihi ne, ni kuwa ce mini aka yi masassaƙi zai zama. Digiri na biyu ƙafa biyu gare shi, rubutun bincike da aikin hannu, kuma a ko'ina cikin duniya ƙafar rubutu ta fi saurin girma, domin takarda ta fi katako araha, ta fi shi sauƙin dubawa. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati jaka hamsin ne na sefa a shekara tun gyaran 1993, amma ba a nan kuɗin yake tafiya ba. Katako, da siminti, da rodi, da kuɗin mai walda, su ne za su ci keken ɗinki na biyu. Tsorona kada a wayi gari yana iya bayanin sassaƙa da Faransanci awa biyu, tafin hannunsa kuwa ya yi laushi kamar na akawu. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun san wannan gardama. A Zariya, tun 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya suna cewa ba za su karɓi koyarwar Turawa su zubar da ta gida ba. A cikin makaranta suka yi wannan tawaye, makarantar da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ba su gudu daga aji ba. Ladi Kwali kuwa, mai ginin tukwane da ke bayan takardar naira ashirin, ba ta yi boko ba, jami'ar ce ta bi ta da digirin girmamawa a 1977.

A ƙarshe na ce ya nuna mini nasa aikin. Ya kai ni bayan shagon wani kafinta inda yake ɓoye su, domin bai isa ya kai su gida ba. Abu biyu ya buɗe.

Na fari kan Almasihu ne da katako, wanda ya yi niyyar ba ikilisiya kyauta, da fatan zuciyar mahaifinsa za ta yi sanyi. An goge shi sumul, babu ko tabon gizago. Dogon hanci, gashi har kafaɗa, idanu suna duban sama. Na san fuskar nan, ita ce ta kalandar da ke rataye a ɗakin kowace tsohuwa cikin zumuntar mata. Na ce masa, "Ɗana, wannan ba kai ka yi shi ba, tsoro ne ya yi shi." Babu kuskure a ciki ko ɗaya, babu kuma abin da zai sa ka sake duba shi. Wanda ya karanta Mveng shekara uku bai kamata ya kawo mini wannan ba.

Na biyu bai so ya nuna mini ba, ya ce wasa ne. Tela ne a kan keke, tsawonsa bai fi kamu biyu ba, an haɗa shi da tsofaffin sassan keken ɗinki da waya da guntun rodi. Ba shi da fuska sam, wani ɗan murfin ƙarfe ne a wurin kai. Amma bayan ya ranƙwafa, kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu sauka, wuya ya miƙa gaba irin na mutumin da idonsa ya fara rauni amma bai yarda ya sayi tabarau ba. Na kewaya shi kamar yadda aka koya mini. Daga baya ma ya fi kama. Duk wanda ya taɓa wucewa ta layin teloli da dare ana gab da salla ko Kirsimati ya san wannan baya, ni kuwa na san mai shi, domin a benci na biyu yake zama kowace Lahadi. Waldar ba ta da tsabta, ƙafa ɗaya tana rawa, gindin da aka ɗora shi a kai bai dace da shi ba. Waɗannan malami zai iya gyarawa cikin shekara biyu, su ne ma dalilin da na ga ya kamata ya tafi. Ranƙwafawar nan kuwa daga gida ya zo da ita.

Ran Talata da yamma na ɗauki ƙaramin telan a cikin buhu na tafi shagon mahaifinsa. Na ce masa ga abin da na gani a Littafi, ga abin da na gani da idona. Ra'ayina a bar yaron ya yi karatun, bisa sharaɗi ya riƙa kwana biyu a mako a wurin mai walda ko masassaƙi, kada kuma ya ƙara yi wa kowa kan kalanda. Sa'an nan na buɗe buhun na ajiye abin a kan teburin yanka. Ya daɗe yana kallo. Ya juya shi, ya taɓa ƙafar keken da yatsa, ya ce wannan sashen daga tsohon kekensa ne da ya lalace, ya yi ta nemansa. Maƙwabcinsa, wani Alhaji mai sayar da yadi, ya leƙo ya gani, ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan ai kai ne!" Dattijon bai yi dariya ba. Ya tambaye ni yaushe ake rufe rajista, na ce ban sani ba sai na tambayi yaron. Ya ɗauki wani ƙyalle ya rufe abin, ya tura shi ƙarƙashin tebur, ya koma kan ɗinkinsa.